Ɗaki Ya Ƙanƙance, Tufafi Sun Yawaita: Matsalar Ajiyar Kaya A Suleja

Ma'aikatan da ke fita daga Suleja kowace safiya zuwa ofisoshin Abuja mutane ne masu tsabtar tufafi. Wanda ya tsaya a Madalla ko Zuba bayan sallar asuba zai ga farar shadda ta sha guga, da atamfa mai kari a jikinta, da yara 'yan makaranta cikin riguna fes, har ya yi zaton kowannensu daga gida mai ɗakuna huɗu ya fito. Alhali kuwa da yawansu daga ɗaki ɗaya suka fito, ko kuwa ciki da falo, inda miji da mata da 'ya'ya uku ko huɗu su ke kwana, kuma a nan ne tufafinsu duka su ke zaune. Fid da farar riga ba tabo ba wari daga irin wannan ɗaki a tsakiyar watan Agusta aiki ne babba, wanda ba a biyan kowa lada a kansa, galibi kuwa matan gida ne su ke yinsa.

Suleja ba ta shirya wa wannan cunkoso ba. Garin da Abu Ja, ɗan'uwan Sarkin Zazzau Muhammadu Makau, ya kafa cikin 1828, gari ne na sarauta da manoma da masaƙa da marina da masu saƙar tabarma, inda magidanci ke da zaure da tsakar gida da turaka, kowace mata kuma da ɗakinta. A watan Fabrairu na 1976 Gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta yanke shawarar ɗauke babban birnin ƙasa daga Ikko, aka ɗauki sunan Abuja aka ba sabon birnin, tsohon garin kuwa ya koma Suleja saboda Sarki Sulaimanu Barau. Ma'aikatan farko na aikin gina birnin a Suleja suka fara sauka, abin da ya sa har yanzu akwai unguwar da a ke kira Fil Bes. Ran 12 ga watan Disamba na 1991 Gwamnatin Tarayya ta tare a Abuja, kuɗin haya a can ya fi ƙarfin ƙaramin ma'aikaci, sa'an nan rushe-rushen da aka yi a birnin tsakanin 2003 da 2007 suka ƙara koro jama'a. Ƙidayar 2006 ta sami mutum fiye da 200,000 a ƙaramar hukumar Suleja, wanda ya san garin kuwa ya san tun daga sa'an nan ba raguwa aka yi ba. Masu fili suka ga ciniki ya zo har ƙofa, sai aka shiga jera ɗakuna suna kallon juna a Kwamba da Maje da Rafin Sanyi da Madalla, har zuwa Gauraka.

To, a dubi ɗakin da kansa. Wanda a ke kira babba shi ne mai ƙafa 12 a tsaye, 12 a kwance, watau murabba'in ƙafa 144. Gadon amarya mai ƙafa 6 sau 6 ya cinye 36, kashi ɗaya cikin huɗu ke nan tun ba a shigo da ko cokali ba. Sif mai ƙofa uku ko huɗu, mai tsawon ƙafa 6 da zurfin ƙafa 2, ya ɗauki 12, yana kuma neman kusan wani 12 a gabansa don ƙofofinsa su buɗu. A fid da wurin da ƙofar ɗaki ke juyawa, da wurin madubi, da wurin shimfiɗar yara da dare, da ɗan filin da za a yi salla. Abin da ya rage, a nan ne a ke so a tsugunar da akwatunan lefe, da jakunkunan maigida, da kayan makarantar yara, da bargunan hunturu. In ɗakin mai ƙafa 10 sau 12 ne, kamar yadda da yawa su ke, lissafin sai ya fi haka muni.

Sa'ad da ɗaki ke ƙanƙancewa, tufafi kuwa yawaita su ke yi, tarihin lefe ma kaɗai ya isa shaida. Asalin kalmar, wani kwando ne da a ke saƙawa da kaba, a zuba 'yan zannuwa da ɗankwali a kai gidan amarya, mutum ɗaya ya ɗauka ba nishi. Daga nan aka koma kwalla, daga kwalla aka koma fantimoti, daga fantimoti aka koma akwati, yau kuwa saiti a ke magana, babba da mai bi masa har zuwa ƙaramin kit, sau da yawa guda shida, wani gidan ma saiti biyu. Ba wanda ya kan tambaya, ranar da a ke buɗe lefe ana guɗa, a wane ɗaki za a ajiye waɗannan akwatuna. Dangin ango suna tsoron gori, dangin amarya suna ƙirga turame, ita kuwa yarinyar da za ta zauna da kayan a ɗaki ɗaya a Kwamba ba a nemi shawararta ba.

Bayan lefe sai anko. Bikin 'yar maƙwabta da nasa, sunan ɗan ƙawa da nasa, walimar saukar karatu da nata, ƙungiyar matan ofis ita ma da nata. Kowane anko turmi ne na yadi 6, a ɗinka, a sa rana ɗaya ko biyu, a ninke. Mace mai yawan zumunci tana iya tara biyar ko shida a shekara ba tare da ta zaɓi ko ɗaya da kanta ba. A da, tsadar yadi ta kan taka wa mutane burki. Zamanin da masaƙun Kaduna ke aiki, tun daga KTL da aka buɗe cikin 1957 har zuwa UNTL da Arewa, talaka ya kan yi ɗinki ne da ƙaramar salla da babba, sai ko in wani babban sha'ani ya taso. Masaƙun sun durƙushe, atamfar Sin mai araha ta cika Kantin Kwari ta gangaro har kasuwar IBB ta Suleja, dilolin gwanjo kuma suka cika sauran gurbin. Yaron da kakansa ya girma da riga biyu yanzu yana da ashirin, rabinsu sun yi masa kaɗan, amma suna nan cikin jaka.

Maganin da kowa ya fi saurin kawowa shi ne a sayi sif. Uban amarya ba ya jin ya fita kunya sai ya haɗa gado da sif da madubi, kafintoci kuma sun san haka. Amma fa sif kayan mai gidan kansa ne, ba kayan ɗan haya ba. Ɗan haya a Suleja yana biyan kuɗin shekara, ba shi da tabbacin shekara mai zuwa a nan za ta same shi. Ko mai gida ya ƙara kuɗi, ko ya ce ɗansa zai yi aure, ko wurin aiki ya sauya. Galibin sif na yanzu kuwa ba da katako na ainihi a ke yinsa ba, da allon garin katako ne wanda aka matse da gam aka lulluɓe da leda mai sheƙi. Irin wannan allo in aka kwance shi aka sake ɗaurawa sau ɗaya, ramukan ƙusoshinsa sun saki. In aka yi sau biyu, ƙofa ta daina rufuwa. In kuwa ƙasansa ya sha laima, sai ya kumbura kamar burodin da ya faɗa ruwa, ba kafintan da zai iya mai da shi yadda ya ke. Kuɗin da aka zuba a kansa ya isa a sayi akwatunan ƙarfe masu kyau a kuma biya kafinta ya kafa kantoci a bango, har a sami canji.

Har wa yau, sif an ƙirƙire shi ne don tufafin Turawa, watau kwat da wando da rigunan da a ke ratayewa a kafaɗa. Tufafin Bahaushe na ninki ne. Babbar riga da 'yar ciki da wando su kan ci wajen yadi 10. In aka rataye babbar riga a hanga nauyinta ya kan ja wuyan, aikin da ke gabanta ya saki, hannayenta kuma su share ƙasan sif ɗin. Shadda mai tsada irin ta Getzner, wadda a ke kawowa daga Ostiriya, adonta yana cikin sheƙinta da karin ninkinta, shi ya sa masu bugu da masu guga su ke mai da ita a ninke, ba a rataye ba. Zani da ɗankwali da mayafi da rawani duk shimfiɗaɗɗun yadi ne, a ninke su ke son zama. Saboda haka a ɗakuna da yawa za a tarar rabin sif ɗin, wajen da aka yi don rataya, ya zama rumbu: an cusa kaya daga ƙasa har sama, wanda ke neman riga ɗaya sai ya zazzago goma. Mutanen da, masu adudu da kwalla da akwati, ba don rashin wayewa suka zaɓi waɗannan ba, sun dace da irin suturarsu ne.

Sai dai matsatsi ba shi ne babban abokin gāban tufafi a Suleja ba. Laima ce. Mutumin da ya taso a Katsina ko Sakkwato ko Kano ya saba da damina ta wata huɗu, ƙasa mai yashi, da iska busasshiya wadda ta kan gyara kuskuren mai ajiya ba da saninsa ba. A Suleja ruwa ya kan sauka tun watan Afrilu, ba ya ɗaukewa sai Oktoba, abin da ke zuba a shekara ya kan haura milimita 1,200, a watan Agusta kuma damshin iska ya kan wuce kashi 80 cikin 100 kwana da kwanaki. Fumfuna ba ta bukatar fiye da haka. Da zarar damshi ya zauna sama da kashi 70 a wurin da iska ba ta ratsawa, ta sami gida. Amaryar da aka kawo daga Arewa mai nisa, wadda ta ga uwarta tana rufe akwati shekara guda ba abin da ya sami kayan, ita ce ta kan fara shan mamaki: ta buɗe akwati a watan Satumba ta tarar da baƙin ɗigo-ɗigo a kan farin leshi, takalman fata sun yi fari fat, jakar hannu tana ɓarewa. Tabon fumfuna in ya kama farin yadi ya daɗe, sabulu ba ya fid da shi.

Ginin ma yana taimakon laimar. Yawancin ɗakunan haya an ɗora bulo ne a kan harsashi ba tare da shimfiɗa abin da zai tsare ruwa daga hawa ba, bulo kuwa yana shan ruwan ƙasa kamar yadda lagwani ke shan kananzir. Alamarsa ita ce koren zane ko fentin da ke ɓamɓarewa daga ƙasan bango zuwa gwiwar mutum. Duk akwatin da aka jingina da irin wannan bango, ko aka ajiye kai tsaye bisa siminti, yana shan rabonsa. Maganin ba shi da tsada: bulo huɗu da katako biyu a ɗaga akwati daga ƙasa, a kuma bar tazarar tafin hannu tsakaninsa da bango, musamman bangon da ruwa ke duka daga waje ko wanda ya haɗa da makewayi. A unguwannin da ke kusa da rafin Iku da magudanan da ke zuba cikinsa, maganar ta wuce ta laima. Ambaliyar watan Yuli na 2017 ta ci rayuka da gidaje a Suleja, ko a gidajen da suka tsaya kuwa, abin da ke ƙasa shi ruwa ya fara ɗauka. Mazaunin irin wannan wuri, mafi daraja cikin kayansa, har da takardun makaranta da na aiki waɗanda a kan ɓoye a ƙasan akwati, bisa kanta ya kamata su kwana daga Yuni har Oktoba.

Leda ita ce ta fi yaudarar mutane. Mace ta kan ga ta naɗe atamfarta cikin leda ta ɗaure, ta ce ta tsare ta. Haƙiƙa in yadin ya bushe ƙarau kafin a rufe, ledar tana amfani. Amma in da ɗan sanyi a jikinsa, kamar yadda wankin damina ya kan kasance, to an kulle ɓarawo ne a cikin ɗaki. Haka jakar nan mai zane-zanen ja da shuɗi da a ke kira Gana-mas-go, wadda ta samo sunanta tun 1983 sa'ad da Gwamnatin Shehu Shagari ta kori baƙin da ba su da takardu, galibinsu 'yan Gana. Jakar tana da sauƙin kuɗi da sauƙin ɗauka, ta kuma zama sif ɗin talaka a duk faɗin ƙasar nan, sai dai ba ta hana ɓera, zif ɗinta ba ya jimrewa, in an jibga ta a lungu kuma abin da ke ƙasanta ba ya ganin iska. Ta dace da barguna da rigunan sanyi, ba ta dace da kayan da a ke ji da su ba. Tsohon farin zani na auduga, wankakke busasshe, ya fi leda kyau wajen naɗe shadda da leshi, don yana barin yadi ya yi numfashi, yana kuma tsare shi daga tsatsa in akwatin na ƙarfe ne.

Sa'an nan ga ƙwari. Gara tana bin bango da katako, kyankyaso yana son duhu da ɗumi, asu kuwa tun zamanin kakanni an san shi da cin riga. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, sitaci abinci ne. Da garin rogo ko masara a ke yinsa, kuma rigar da aka dafa mata sitaci aka goge aka rufe a akwati wata shida, tamkar an ajiye wa ƙwari tuwo ne. Rigar da za a sa cikin mako a yi mata sitaci. Wadda za ta jira salla a wanke ta a ajiye haka nan, in lokaci ya yi a kai ta guga. Haka rigar da aka sa sau ɗaya aka ce ai ba ta yi datti ba. Gumi da maiƙon miya da turaren da aka fesa ba sa nunawa ran nan, sai bayan wata uku su fito rawaya a wuya da hammata.

Wajen yaƙi da ƙwari ne a ke yin kuskuren da ya fi kowanne hatsari, don wannan ba riga ya ke ci ba, rai ya ke taɓawa. Farin ƙwallon nan da a ke sayarwa da sunan kafur, a zuba a akwati da sif, galibinsa wani sinadari ne mai suna naftalin. A hankali ya ke narkewa cikin iska, tufafi su sha shi, mutum kuma ya shaƙa ko ya shiga ta fatarsa. Akwai mutanen da aka haifa da ƙarancin wani sinadari mai kare jajayen ƙwayoyin jini, wanda likitoci ke kira G6PD, wannan hali kuwa yana da yawa a Nijeriya, musamman ga 'ya'ya maza, kuma iyaye ba su kan sani ba. In jariri mai irin wannan jini ya haɗu da naftalin, ƙwayoyin jininsa su kan farfashe, shawara ta kama shi, idanu da jiki su yi rawaya. In ta yi tsanani ta kan taɓa ƙwaƙwalwa, ta bar yaro da kurumta ko shanyewar gaɓoɓi, wani ma ta kai shi kabari. Likitocin yara a Ibadan sun yi rubutu a kan wannan tun cikin shekarun 1980, Tarayyar Turai kuma ta hana sayar da irin wannan ƙwallo tun 2008, amma a kasuwanninmu yana nan a tire tare da allura da zare.

A dubi yadda abin ke faruwa a ɗaki ɗaya. Mai ciki ta sayi kayan jariri tun wata na bakwai, ko ta adana na wansa, ta jera a akwati, don ƙauna kuma ta watsa kafur kada wani ƙwaro ya taɓa. Ran haihuwa a buɗe akwati a naɗe jariri da zanen da ya yi wata biyu yana shan sinadarin, an kuma shafe jikinsa da mai, mai kuwa yana sauƙaƙa wa naftalin shiga fata. Ɗakin a rufe ya ke saboda mai jego, sauran akwatunan su ma suna fid da nasu warin. Wanki ɗaya ba ya raba yadi da shi, don ba ya narkewa a ruwa sosai. Gidan da a ke jiran haihuwa ko a ke da jariri, kafur ba shi da wurin zama a cikinsa ko kaɗan, kayan da suka riga suka sha shi kuma sai an shanya su a sarari kwanaki har warin ya fita sarai, a wanke, a sake shanyawa. Jaririn da idonsa ya yi rawaya cikin makon farko asibiti a ke kai shi ran nan, ba a jira suna, ba a kuma tsaya ga jiƙe-jiƙe ba. Yara masu rarrafe ma su kan tsinci ƙwallon su kai baki, suna zaton alewa ce. Kanumfari da busasshen ganyen darbejiya da kajiji, waɗanda tsofaffi ke ƙullawa a tsumma su jefa a akwati, ba su kai kafur ƙarfi ba, gaskiya ce, amma in kaya wankakku ne busassu, ana kuma buɗe su a kai a kai, sun wadatar.

Igiyar da a ke ɗaurawa daga kusurwa zuwa kusurwa ita ma tana da nata laifin. Ta kan fara da riga biyu, kafin wata ya ƙare ta zama labule. Sauro yana son ɓuya da rana cikin tufafin da ke rataye a duhu, musamman waɗanda aka sa suka ɗauki warin jiki, da dare ya fito ya yi aikinsa. In aka ɗauke wuta kuma aka kunna kyandir ko maganin sauro a ƙarƙashin mayafin roba mai lilo, abin da zai biyo baya ba ya bukatar bayani. Ƙusoshi huɗu ko biyar a bayan ƙofa, don kayan gobe da kayan makaranta kaɗai, sun fi igiya.

Matan da suka iya zama a ɗaki ɗaya, in aka lura da su, ba wani sirri gare su ba illa sun raba kaya bisa ga yawan bukatarsu, ba bisa ga mai su ba. Abin da a ke sawa kullum yana kusa da hannu. Na Juma'a da na biki yana akwatin sama. Na salla da turamen da ba a ɗinka ba suna can ƙasa ko bisa kanta. Rigunan sanyi da barguna, waɗanda a Suleja aikinsu bai wuce daga Nuwamba zuwa Fabrairu ba, ba su da dalilin tare hanya sauran watannin. Sun kuma gane ɗaki ba faɗi kaɗai gare shi ba, yana da tsawo: tsakanin saman ƙofa da silin akwai wajen ƙafa biyu ko uku da ba kowa a ciki, katako ɗaya mai kauri da ƙarfe biyu sun isa su ɗauke akwati uku daga ƙasa, ran tashi kuma a cire a tafi da su. Gadon da aka yi masa dogayen ƙafafu ya kan haɗiye akwati huɗu, muddin an ɗora su bisa katako. Akwatunan lefe da suka zama fanko a sa ƙarami cikin babba. Hulunan maigida, kube da zanna da dara, kwalla ɗaya mai murfi ta ishe su, in ba a danne su da wani abu ba. Akwai ma mai rubuta abin da ke cikin kowane akwati a 'yar takarda ta manna a murfi, abin da wasu ke yi wa dariya, har ranar da a ke neman rigar yaro motar ofis tana jira.

Amma duk dabarar da za a yi, mudu ba ya ɗaukar tiya. A nan ne maganar ta kan yi zafi tsakanin miji da mata, shi yana cewa kayanta sun cinye ɗaki, ita tana nuna masa manyan rigunansa da bai sa ba tun bikin ƙanensa. Dole a yi wa mace adalci a nan. Turmin atamfa mai daraja, irin ta Vlisco da a ke kira Holandis, wanda ba a sa masa almakashi ba, ba ado kaɗai ba ne, asusu ne. Ran da ciwo ya zo da dare ko kuɗin makaranta ya gagara, shi a ke miƙa wa dillaliya. Mijin da ke ganin wannan akwati a matsayin tarkace bai san inda rufin asirin gidansa ya ke kwana ba. Sai dai asusun da fumfuna ta taɓa ya faɗi, dillaliya kuwa ba ta da tausayi wajen tabo. Kuma ɗinkakken anko na shekara biyar da ta wuce, wanda ba ya shiga jiki, ba asusu ba ne; ba mai saye, yana dai cin wurin da mai daraja ya kamata ya samu. Masu rabon gado sun sha buɗe akwatin mamaci su tarar da rigunan da aka yi shekaru ana tattali sun zama tsumma a wajen ninki, alhali da ransa akwai ƙanensa ko maƙwabcinsa da ke zuwa masallacin Juma'a da riga ɗaya. Al'adar fid da tsofaffin kaya a bayar kafin a ɗinka na salla tsohuwa ce a ƙasar Hausa, birni ne ya sa a ke mantawa da ita.

Masu gina gidajen haya su ma da nasu kason. Wanda zai jera ɗaki goma, ƙara ɗan lungu a bango mai zurfin ƙafa biyu, da kantar siminti a sama, da taga ta biyu don iska ta ratsa, da ledar tsare laima a harsashi, ba zai ƙara masa wani abin kirki a kan kuɗin ginin ba, ga shi kuwa zai rage masa gyaran fenti kowace shekara. Masu duba tsarin gini na Jihar Neja in sun tsaya a kan taga da harsashi kaɗai, sun yi wa 'yan haya aiki.

Kafin a kai ga wannan, akwai abin da ke hannun kowa, watau shanya. Ko a tsakiyar damina a kan sami rana ɗaya ko biyu masu zafi. Ran nan a buɗe akwatuna da ƙofofin sif da tagogi, a fid da abin da ke ƙasa ya sha iska, a sauya ninki don kada yadi ya karye a wuri ɗaya. Babbar shanya kuwa lokacinta ƙarshen Oktoba zuwa farkon Nuwamba ne, bayan ruwa ya ɗauke, kafin ƙurar hunturu ta sauko. Farare su sha rana sosai. Shadda mai launi da atamfa da rinin baba a juya cikinsu waje, ko a shanya su a inuwa, don rana tana cin launi. Akwatin kansa a zazzage shi, a goge, a kife shi a rana. A gidan haya mai igiya ɗaya da ɗaki goma sai an yi shawara da maƙwabta a raba kwanaki, a kuma kwashe kayan tun la'asar, a bar su su huce kafin a rufe, don yadin da aka rufe da zafinsa ya kan yi gumi a cikin akwati.